Ragowar Zaren Vito

Roccalta, ƙarshen Agusta, 1968

Zuwa ga 'yar'uwata Assunta,

Gaisuwa mai yawa daga kan dutsenmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Aniello da yara. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Maigidana Canio yana can Jamus yana jidar siminti, ya ce sai Kirsimeti. Ni kuma cikina ya kai inda ba na iya ɗaure takalmina da kaina. Ungozoma ta ce watan Oktoba, in Allah ya kai mu.

Na san rabona da rubuto miki tun rasuwar babanki Rocco, kuma abin kunya ne mutum ya tuna da dangi sai ranar da buƙata ta taso. Amma kakanki da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma duk faɗin Napoli ba mu san ƙofar kowa ba sai taki.

Maganar Inna ce. Idanunta suna ta ja da baya tun farkon shekara. Ba ta iya zura zare a allura, shekaranjiya kuma ta gai da jakin maƙwabcinmu da sunan mai shi. Likitan da ke zuwa mana ranar kasuwa ya rubuta mata takarda zuwa babban asibiti a garinku, amma da ya ja ni gefe ya ce ciwon a jijiya yake, kada in sa rai, da wuya ta kai sanyin bana tana gani. Ƙanen Canio zai sauko da kaya mako mai zuwa, zai taho da ita. Ina roƙon ki riƙe mana ita na mako guda.

Akwai roƙo na biyu, shi ne nata. Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Ta ce in gaya miki abu ɗaya take so kafin idon ya rufe, ki kai ta inda jiragen ruwa suke tashi. Kin san daga nan yayana Vito ya tafi Ajantina, can kuma ƙasa ta rufe shi. Ba sai na tsawaita ba, ke 'yar gari ce, kin fi ni sanin hanya.

Ba ta da wahalar ci, burodi da ɗan mai sun ishe ta. Za ta taho muku da cuku da busasshen barkono. In ta yi ƙauyanci ki yi haƙuri da ita.

Taki,
Serafina

Napoli, tsakiyar Satumba

'Yar'uwata Serafina,

Mu duka lafiya, ina fata ke ma haka, da wanda kike ɗauke da shi. Aniello yana gaishe ki, ya ce cukunku ya ɓata masa baki, na kanti ya daina yi masa daɗi. Na san Gwaggo Donata ta riga wannan isa gida, amma bari ki ji labari daga bakina, don na gane halinta, za ta ce miki lafiya lau ta tsuke bakinta.

Bari in fara da mara daɗin. Likitan asibiti ya haska idon ya juya, ya faɗi abin da naku ya faɗa, ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma. Da na ji haka sai na ce a raina, to idon nan ba zai rufe ba sai ya ƙoshi da Napoli.

Maƙwabciyata ta sama, Donna Amalia, matar mai kantin magani, ta ce za ta raka mu. Mace ce da ba ta saukowa matakala sai da hula da safar hannu, kuma shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kin ga ba a ƙin irin wannan tayi.

Mun fara da Galleria, babbar kasuwar nan mai rufi. Gwaggo na shiga ta ɗaga kai ta ga rufin gilashi, ta taka daɓen marmara, sai ta ja gyale ta rufe kai, ta yi alamar gicciye, ta raɗa min wai ina bagadin yake. A tsakiyar masu shan kofi, Serafina. Donna Amalia sai da ta kai hankici baki. A babban coci kuwa nan ta sake, ta tsaya gaban siffar waliyyi San Gennaro tana yi masa bayani kamar maƙwabcinta ne da ya ci mata iyakar gona. Fadar sarki ba ta burge ta ba, ta ce tausayin mai share ta take ji.

Washegari muka hau ƙaramin jirgin nan da ake ja da igiya zuwa kan tudu. Kafin mu kai sama ta gai da kowa a ciki, ta tambayi wani ɗan sanda ɗan gidan wa ne, ta cusa masa busasshen ɓaure a hannu. Daga tudun San Martino gari duka yana ƙarƙashin ƙafarka, ga dutsen Vesuvio can, ga ruwa har ƙarshen gani. Na ce mata, ga tekunki, Gwaggo. Ta ƙura ido ta ce shuɗi kawai take gani kamar an shanya zani, ta tambaya ina jiragen. Na kama hannunta na nuna mata can ƙasa.

Maganar tashar jiragen kuwa, kullum da safe sai ta tayar da ita. Serafina, wurin nan ba wurin kai baƙo ba ne. Warin kifi da baƙin mai, 'yan dako masu ashar, ga mutanen ƙauye zube a kan akwatunan kwali. Donna Amalia ta ce ita kam ƙafarta ba ta taka can. Na ce wa Gwaggo gobe, goben ta zo ana ruwa, wadda ta biyo ta kuma ranar komawa asibiti ce. Amma ai ta gani daga sama, inda ya fi kyan gani.

Ga hoto na sa miki, a gaban Maschio aka ɗauke mu, tsohuwar ganuwar nan mai baƙaƙen hasumiyoyi. Ni ce a hagu, mai hular ita ce Donna Amalia. Gwaggo ta ɓata mana shi, sau biyu ina kama kafaɗarta ina juyo ta wajen mai hoto, yana dannawa ta sake kawar da kai. Sai ki yi haƙuri da gefen fuskarta.

Baƙin zanen aikin da take ɗaurawa a gaba, mai aljihun nan, ya mutu murus, na zazzage shi na saya mata sabo mai furanni. Ranar tafiya na iske ta durƙushe tana lalube ƙarƙashin gado. Na tambaye ta me ya ɓata, ta ce ba komai, 'yata. In tsinken gashi ne ki gaya min in aiko. Kwalin kayan zaƙin da na ba ta a tashar mota naki ne ke da yara, da hannuna na ɗaure shi.

Taki har kullum,
Assunta

Roccalta, Oktoba

Assunta,

Muna lafiya. Ban sauka ba tukuna. Wasiƙarki ta iso da hoton, mun gode da wahala.

Inna ta dawo lafiya. Tana ɗiga magani. Ba ta yawan magana.

Ta ce in gode miki da kayan zaƙi. Ta ce in tambaye ki, zaren da kika ɗaure kwalin da shi, ko akwai saura.

Serafina

Napoli, farkon Nuwamba

Serafina tawa,

Lafiyarmu lau, sai ɗan tari da ya zagaya yara. Wace irin wasiƙa ce wannan, layi huɗu kamar ta lauya? Na ce wa Aniello nauyin ciki ne, ni ma a watan ƙarshe ko sunana ba na son rubutawa. In kuma labarin Galleria ne ya ɓata miki rai, wasa nake, ai Gwaggo tawa ce.

Zaren nan ai nata ne. Wani tsohon curin ulu ne da na tarar cikin tarkacen aljihunta, ja ne da, amma ya koɗe ya koma kalar ƙasa. Na jefa shi a durowar kicin don in mayar mata, na manta. Da ina neman abin ɗauri sai ya yi min rana, na yanki na kwali, ragowar na ɗaure tumatirin da muke ajiyewa don sanyi da shi, suna nan rataye a baranda. Ya tsufa har yana tsinkewa a hannu, ba abin da za a saƙa da shi.

Ban san ulu ya yi muku wuya haka ba, me ya hana ku faɗa tun tuni? Na shiga babban kanti a titin Toledo na saya mata ɗauri uku, sabo fil, mai laushi, ja kamar yadda na ga tana so. Ta saƙa wa jariri safa in idon ya bari.

Ki rubuto da tsawo wannan karon.

Taki,
Assunta

Roccalta, Disamba

Assunta,

Na sauka lafiya, mace ce, tana shan nono. Canio ya dawo. Ulunki ya iso tun watan jiya. Na zauna zan ba ki amsa ya fi a ƙirga, ina yaga takardar, don abin da ke fitowa ba na aikawa ga dangi ba ne. Kin ce in rubuto da tsawo, to ga shi.

Ke da kika girma a Napoli, ba ki taɓa ganin yadda ake sallamar masu tafiya ƙetare ba? Mai tafiya yana saman jirgi riƙe da bakin zare, nasa suna ƙasa riƙe da curin, jirgi na ja suna warwarewa har ya ƙare. Mu da ke kan dutse ma mun sani.

Da Vito zai tafi, Inna ta yi wa tunkiyarta aski da kanta, ta kaɗa zaren, ta rina shi ja don ya gane nasa a cikin na mutane. Ita za ta riƙe masa. Ana gobe tafiya zazzaɓi ya kwantar da ni, ina ƙarama, har an kira Fada daga coci. Sai ta zauna a kaina, Baba ya tafi da shi. Baba bai taɓa riƙe zare ba a rayuwarsa. Jirgi bai yi nisa ba ya damƙe curin, zaren ya tsinke, ya dawo gida da fiye da rabi a aljihu. Vito bai cika shekara uku a can ba katako ya faɗo masa a wurin gini. Ko hoton kabarinsa ba mu da shi.

Kusan shekara ashirin curin nan yana aljihunta. Tana cewa da ita ce ta riƙe da bai tsinke ba, ita ta san yadda ake sakin zare. Abin da ya kai ta garinku ke nan, ba likita ba, ba rufin gilashi ba. So take ta tsaya inda Baba ya tsaya, ta ƙarasa warware masa shi a ruwa tun tana iya ganin inda ya nufa.

Ta neme shi a ɗakinki ta rasa, ta kasa tambaya, wai kada ki ce ta yi wa gidanki zargin sata. Sai a tasha kika miƙa mata kwali, yatsunta suka taɓa ɗaurin ta gane kaɗinta. Ƙanen Canio ya ce tun daga Napoli har gida kwalin yana cinyarta. Ta hana a sa wuƙa. Kwana biyu tana kwance ƙullinki da farce, kayan zaƙin suka bushe, kaji muka ba.

Sabon zanen mai furanni yana cikin akwati. Ba ta sa mai launi ba tun ranar da labarin Vito ya zo, na ɗauka wannan ma ba sai an faɗa ba.

Idon ya rufe a makon da na haihu. Fuskar jaririyar da hannu ta gan ta.

Serafina

Napoli, jajibirin Kirsimeti

Serafina,

Ina yi miki barka da sauka, Allah ya raya ta. Lafiyar jikinmu ƙalau. Sauran kuma ban san ta inda zan fara ba.

A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin ƙofa, na kai tsakiya na zauna a kan matakala. Kunya nake ji, Serafina, irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Na so a ce ban san al'adar zaren ba, da na sami abin fakewa. Na san ta sarai. Ina yarinya, farkon zuwanmu garin nan, har gudu muke yi mu je kallo, mu tsinci guntayen da iska ta dawo da su. Na riƙe jan ulu, kaɗin hannu, daga aljihun matar da ɗanta ya tafi a jirgi, kuma abin da ya zo min a rai tumatir ne.

Ruwan sama ma ƙarya ce, yayyafi ne aka yi, kafin hantsi ya ɗauke. Gaskiyar ita ce mutanen da na ce miki suna zube a kan akwatunan kwali, maganarsu irin ta Gwaggo ce, irin ta babana. Na ji tsoron ta je can ta sake, ta shiga gaishe su da sunayen ƙauyukansu, Donna Amalia ta dube su ta dube ni ta gane daga inda na fito. Shi ya sa na yi ta yawo da ita ina nuna mata gidajen sarakunan da ba su san da zamana ba.

Abin da ya fi ci min rai, da yamma a baranda take zama ta sha iska. Tumatirin suna rataye a saman kanta, tana ta neman abinta a ƙasa.

Na sauke su duka. Na kwance zaren gunta-gunta, ban yar da ko tsawon yatsa ba. Wasu sun sha ruwan tumatir, na rasa ko in wanke ko in bari, na bari. Aniello ya tarar da ni a kai ina kuka, da na gaya masa sai ya fita. Fitar nan tasa ta fi min zagi ciwo.

Da ya dawo ya ce zai ari mota ya zo ya ɗauko ta da zarar hanyar dutse ta buɗe. Daga mota sai bakin ruwa, ba zan ratse da ita ko'ina ba. Ban ce ta yafe min ba, ban kai nan ba tukuna. Ki dai tambaye ta ko za ta zo.

Assunta

Roccalta, Fabrairu, 1969

'Yar'uwata,

Muna lafiya, ƙanƙara ce ta rufe mu, mai kawo wasiƙa ma sai makon jiya ya iya hawowa. Kada ki ɗauka fushi ne ya hana ni amsawa.

Na karanta wa Inna wasiƙarki, ban tsallake komai ba. Ni ma ina da nawa kason. Da na rubuto miki a Agusta na san da zaren, na san abin da take shiri. Na ɗauki alƙalami zan faɗa sai na ji nauyi, na ce 'yan birni za su yi mana dariya, tsohuwa za ta je tana wasa da zare a bakin teku. Sai na rubuta wai ba sai na tsawaita ba. Kin ji kunyarta a gaban mai hula, ni na ji kunyarta a gabanki. Kuma saboda ni ne ma tun farko ba ta je ba.

Ba za ta zo ba. Ƙirjinta ya kama tun Janairu, ko coci sai an riƙe ta. Ta ce kuma ko ta zo me za ta gani. Na yi ta lallashi, ta ce in bar ta, in ɗauki alƙalami in rubuta yadda ta faɗa:

"Ki gaya wa 'yar gidan Rocco tana da ido, ta je. Ta ƙulla guntayen, ƙullin masaƙa, ba irin wanda ta yi wa kwali ba. Kada ta jefa, ba a jefa zare, a hankali ake sakinsa. In ya ja ta ba shi, in ya tsaya ta jira. Sannan ta faɗa min abin da ke wurin. Ban da hasumiya, na ƙoshi da hasumiya."

Ga guntun kwalin na naɗe a cikin takarda. Da ƙyar ta sake shi.

Taki,
Serafina

Napoli, Maris

Gwaggo Donata, ina gaishe ki da girmamawa, ina fata ƙirjin ya yi sauƙi. Serafina, ki karanta mata a hankali.

Na je ranar Talata da hantsi, ni kaɗai. Ƙullin masaƙa sai da na nemi wata tsohuwa a layinmu ta koya min, ta yi ta mamakin 'yar dutse da ba ta iya ba. A matakala na haɗu da Donna Amalia, ta tambaye ni ina zuwa da baƙaƙen kaya. Na ce tashar jirgi, sallamar ɗan'uwana. Ta buɗe baki, na wuce.

Hanyar ta gaban Maschio take bi. Na tsaya daidai inda mai hoto ya tsayar da mu, na juya kaina yadda kika juya naki a hoton. Gwaggo, bututun hayaƙin jiragen ne a wurin, ga su nan a tsallaken titi. Kin ji ƙahonsu ne, ko ƙanshin ruwan, ban sani ba. Tsakaninki da wurin bai kai daga ƙofarku zuwa rijiyar gari ba, kuma da hannuna biyu na juyo ki. Na daɗe a tsaye a nan, mutane suna ratsa ni.

Ga abin da ke wurin. Daɓen dutse ne mai faɗi, baƙi, gefensa ya sha taku har ya yi santsi. Akwai manyan turakun ƙarfe da ake ɗaure jirgi, kowanne ya kai kujera, sun yi tsatsa. Ruwan ba shuɗi ba ne a nan, kore ne mai duhu, da mai a samansa da ɓawon lemo. Yana bugun dutsen a hankali kamar ana wanki a nesa. Akwai warin kifi da kwalta. Fararen tsuntsaye suna ta kuka. In kin tsaya kina fuskantar ruwa, Vesuvio yana hagunki, mafitar jiragen tana gaba.

Wani farin jirgi yana shirin tashi, an ce Ostareliya za shi. Mutane ba su kai na da yawa ba, kuma yanzu dogayen takardu masu launi suke jefawa, ban ga mai ulu ba sai ni. Na koma gefe kusa da wani turke, na jira ya ja. Da ruwan ya fara binsa na sauke bakin zaren. Da farko ya kwanta a gindin dutse ya ƙi tafiya, na jira kamar yadda kika ce. Can sai ya ja. Na ba shi. Duk ƙullin da ya zo wucewa ta yatsuna sai gabana ya faɗi, don na san ni na jawo shi, amma ko ɗaya bai kwance ba.

Wani dattijo da ya rako 'yarsa ya matso ya tsaya kusa da ni, ya cire hularsa. Maganarsa irin tamu ce. Ya ce, "Naki yana cikin wannan?" Na ce a'a, namu ya daɗe da tafiya. Ya gyaɗa kai, bai mayar da hular ba sai da na gama.

Da ya jiƙe jan ya dawo masa, Gwaggo, ja sosai, ana ganinsa a kan ruwa har nesa. Bai nutse ba. Ya miƙe ya bi bayan jirgin ta mafita. Ƙarshensa ya zo ban ankara ba, ya zame daga hannuna da kansa, bai tsinke ba.

Ke ya kamata ki gani, ni na hana ki. Wannan ba zan iya ƙulla shi ba.

'Yarki,
Assunta

Roccalta, bayan Ista

Assunta,

Muna lafiya, jaririya ta fara zama. Canio ya koma. Ƙirjin Inna da sauƙi, tana fitowa bakin ƙofa ta sha rana.

Na karanta mata. Da na kai inda kika ce bai tsinke ba ta ce in maimaita, na maimaita. Ta tambaya ko kin faɗi ta wane gefen turken kika tsaya, na ce ba ki faɗa ba, ta ce 'yan birni ba sa gama aiki. Daga nan ta juya fuska bango, na ɗauki yarinya na ba ta wuri. Hoton kuma ta sa na rataye shi a saman gadonta, ita da ba ta gani. Ta ce ai ita ma ta kalli wurin, akwai shaida.

Ulun kantinki na saƙa wa yarinya safa da shi, ya yi kyau, kada ki ce an ƙi.

Abin da ke cikin ƙunshin nan daga Inna ne. Tun da aka yi wa tumaki aski ta sa na nemo mata mazarinta, ta ce kaɗi ba da ido ake yi ba. Makonni ta yi a kai, yatsunta sun kumbura, na hana ta ta ƙi. Za ki ga wani wurin ya yi kauri wani ya sirance, kada ki gaya mata. Ba ta rina shi ba, ta ce a bar shi fari don kada ki rikice.

Ta ce Satumba na tafe, kuma ta ji kin sauke tumatirinki duka. Wannan na tumatir ne, ki yanka yadda kike so.

Taki,
Serafina